Ina Hannun Tagulla?

Salama ce ta tare ni a bakin ƙofa tun ban cire takalmi ba. Ta riƙe labulen ɗakin mijinta da hannu ɗaya, ta rage murya.

"Malam Lawal, alfarma nake nema. Zai nuna muku zane. Ku ce ya yi kyau."

"In ya yi kyau ai zan faɗa."

"Ko bai yi ba."

Na ce mata ni dubiya na zo, ba alƙalanci ba. Ta ce shi ya sa take roƙona, mai dubiya ba ya zuwa da abin da zai ƙara wa majinyaci ciwo.

Mijin nata, Filibus, mutumin Zonkwa ne. Shekara da shekaru muna aiki tare a wani kamfanin roba a Bompai, cikin Kano, ni ina kan injin da ke fitar da bokiti, shi yana kan na markaɗe. Injin markaɗen ne ya cinye masa yatsun hannun dama, sai babban yatsa da ɗan guntun na kusa da shi. Rauni ya warke, mutum bai warke ba. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya kwanta ya juya wa duniya baya, yana kallon bango. Ba coci, ba majalisar mai shayi, ba ko leƙa ƙofar gida. Hannun kuwa kullum yana naɗe cikin tawul.

'Yarsa Maryamu ce ta sa masa wani abu a waya da ake zane da shi. Ya fara jagwalgwalo da hannun hagu, a hankali har ya kai ga zana Tagulla, ɗan damben nan na fim mai dogon zango da muke haɗa kai mu kalla a waya lokacin hutun cin abinci. Duk kamfanin babu mai son Tagulla kamar Filibus. Salama ta ce tun da ya fara zanen yake tashi zaune, yake cin abinci, har ya nemi a kira masa mai aski.

"In ya ajiye wayar nan, bango zai koma," in ji ta. "Ni na san abin da na gani a gidan nan."

Na yi sallama na shiga.

Yana zaune a bakin katifa, ya jingina wayar da gwangwanin madara a kan ɗan teburi. Ɗakin da zafi, babu wuta, tireloli na ta wucewa ta titin Dakata suna girgiza taga.

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Zauna, Lawal. Yaya su Usaini a wajen aiki?"

"Suna gaishe ka. Wanda aka sa a kan injinka rago ne, rabin yini yana banɗaki."

Bai yi dariya ba. Ya turo mini wayar da hagu.

"Kowa ya yi magana a guruf sai kai."

Gaskiya ne. Duk zanen da ya tura guruf ɗin ma'aikata, kafin ka ƙifta ido an cika shi da yabo. Masha Allah, sai kai, wannan ai ya fi na fim ɗin. Abokin aikinmu Ɗayyabu har cewa ya yi a kai wa Turawa su gani. Ni ban taɓa cewa komai ba.

"Ka san ni da rubutu ba ma shiri," na ce.

"Kana tura murya in za ka zagi masu kawo wuta."

Salama ta shigo da ruwa a kofi ta ajiye a gabana. Ba ta fita ba. Ta tsaya a jikin ƙyaure, idonta a kaina.

Filibus ya ce, "Akwai shafin masoyan fim ɗin, mutane da yawa suna sa zanensu. Can babu wanda ya san ni, babu wanda ya san abin da ya same ni. Ina so in sa wannan yau. Kafin nan ina so in ji daga bakin wanda ba ya jin kunyar kowa. In kai ma ƙarya za ka yi mini, ka sha ruwanka ka tafi."

Na ɗauki wayar. Na daɗe ina kallo, don ban san ta inda zan ɓullo ba. Na buɗa hoton da yatsu, na matsa sama, na matsa ƙasa. Tagulla ne a tsakiyar fili, ba riga, da layu a wuya, jama'a sun kewaye shi. Na koma baya na duba sauran zanen da ya yi. Sai na ga abin da na daɗe ina gani a guruf, abin da ya hana ni magana.

Na fara da wanda ya fi sauƙi.

"Idon nan nasa ne. Wannan kallon da yake yi wa mutum ta ƙasa-ƙasa kafin ya kai naushi, ka kamo shi. Ko da ka rufe sauran fuskar zan ce Tagulla ne."

Na ji Salama ta sauke numfashi.

"Ƙafafun ma sun tsaya. Ya kafa ta baya, nauyinsa na kanta. Ba kamar na farkon nan ba, da ya yi kamar an rataye shi a ƙusa."

"Ban tambaye ka abin da ya yi kyau ba," in ji Filibus.

"Ni ma ba don in faranta maka na faɗa ba. Abin da ke wurin ne. Wuyan kuwa ya yi tsawo, kamar na zalɓe. Mutumin da ke shan naushi ba ya miƙa wuya haka, dunƙule shi yake yi cikin kafaɗa. Ka rage shi. Sannan inuwa. Tasa ta faɗi gabas, ta mai kalangu ta faɗi yamma. Rana nawa ce a garin?"

Ya ɗan karkata kai ya duba. "Inuwar ban lura ba."

"To ka lura."

"Shi ke nan?"

Salama ta yi caraf ta ce, "Ai shi ke nan. Baban Maryamu, ka ga ƙananan gyara ne. Malam, ku sha ruwa mana."

Da na tsaya a nan da kowa ya rabu da kowa lafiya. Na ɗauki kofin ma, har na kai baki. Amma Filibus bai ɗauke ido daga kaina ba, kuma ya san ni. Na ajiye kofin.

"Ina hannun?"

Wata tirela na ta hon a waje.

"Wane hannu?"

"Hannun Tagulla. Na dama, wanda yake ɗaurewa da kara, wato ƙyalle da igiyar 'yan dambe, wanda yake kisa da shi. A nan ka ɓoye shi a bayansa. A wancan ka sa ƙura ta rufe shi. A na jiya ka sa kan wani ɗan kallo ya tare shi. Akwai wanda ka yanke hoton daidai gwiwar hannu. Duk zanen da ka yi babu inda hannun ya fito. Ɗan dambe ne fa. Ka cire masa hannu me ya rage? Mai sayar da layu?"

"Malam Lawal," in ji Salama. "Ku ji tsoron Allah. A gidansa?"

"Shi ya tambaye ni, Maman Maryamu."

Filibus ya jawo tawul ɗin ya ƙara matse shi a cinyarsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Hannu yana da wuyar zanawa," ya ce. "Duk ɗan koyo yana ɓoye shi. Maryamu ta nuna mini, har masu koyarwa a waya suna faɗa."

"Na yarda. To ido ba shi da wuya? Ka zauna ka yi ta yi har ya fito. Ƙafa ka yi ta yi har ta tsaya. Hannu ne ko gwadawa ba ka yi ba."

"Ka san dalili."

"Na sani. Su Ɗayyabu ma sun sani, shi ya sa suke ta masha Allah. Mutanen shafin can ba su sani ba. Wani yaro zai rubuta maka, Malam ina hannun, ya sa hoton dariya ya wuce. Gara ka ji a bakina."

"Kana da yatsunka cif, ka zo kana koya mini hannu."

"Ina da su, kuma ko da'ira ban iya zanawa ba. Kai da hagu ka fitar da idon mutum. Ba tausayinka na zo ji ba, Filibus. Masu jin tausayinka sun yi yawa, har layi suke yi."

Ya fizge wayar daga hannuna ya kife ta a kan teburin, gwangwanin madarar ya gangara ƙasa. Ya juya ya fuskanci bango.

Salama ta ɗaga labule. Ba ta ce in fita ba, amma ta riƙe shi a buɗe, ta kau da kai. Na ga bayan mutumin nan, na ga bangon da fentinsa ya goge daidai inda yake jingina goshi. Na ce a raina, Lawal, bakinka ya gama da shi.

Amma ban tashi ba. Ban iya ba da haƙuri kan abin da na san gaskiya ne, kuma ban iya tafiya in bar aiki a rabi. Na duba gefen ƙofa na ga igiyar shanya a naɗe a kan ƙusa. Na miƙa hannu na ɗauko. Na cire hankici daga aljihu na lulluɓe hannuna na dama, na dunƙule, na kama bakin igiyar da haƙori na fara naɗawa.

"Me kuke yi haka?" in ji Salama.

"Ɗaure hannu nake."

Igiyar roba ce, sai santsi take, tana warwarewa. Na yi ta fama ina tsaki. Da na gama na miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin, na kafa ƙafa, na miƙa hagu gaba, na ja dama baya. Ni da tumbina da rigar aiki mai warin ƙonanniyar roba.

"Ga shi nan," na ce wa bayansa. "Ba sai ka ƙirƙiro daga ka ba. Ka kalla ka zana. Babu ma yatsu a ciki, dunƙule ne da igiya. In ya yi muni in faɗa maka, ka goge ka sake."

Bai motsa ba. Kafaɗata ta fara zafi. Zufa ta gangaro mini cikin ido, ba halin sharewa. Salama na nan riƙe da labule. Na ƙudurta ko zan kai magariba a haka ba zan sauke ba.

Can ya ɗan waiwayo ta kan kafaɗa. Ya kalli hannun, ya kalli fuskata, ya sake kallon hannun.

"Ba haka Tagulla ke ɗaurewa ba," ya ce. "Daga wuyan hannu yake farawa. Kai ka yi kamar mai ɗaure buhun gawayi."

"To gyara a zanen."

Sannan ya juyo gaba ɗaya, ya sunkuya ya lalubo gwangwanin a ƙasa, ya jingina wayar. Ya buɗe sabon shafi fari. Ya ja layi, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ƙara ja. Salama ta saki labulen, ta zo ta ɗauke kofin ruwan daga gabana ta fita da shi, ko kallona ba ta yi ba.

Da ya gama ya juyo mini da wayar.

"Faɗi."

Na leƙa ba tare da na sauke hannu ba.

"Doya ce. An ɗaure doya da igiya."

Ya ja tsaki, ya zage ni da yarensu, ya goge.

"To daina motsi. Ɗaga gwiwar hannun, ka juyo da shi wajen taga. Ba na ganin inda igiyar ta hau kan 'yar'uwarta."

Na ɗaga.