Darasin da Aka Ƙunshe Ƙosai da Shi

Nasidi ya zazzage akwatinsa kaf a tsakar gida, darasi na bakwai ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. A ƙofar gida kuwa Hamidu, makiyayin Maradun, yana tsaye sai sallama yake maimaitawa. Jar saniyarsa ta faɗa wa ɗanyen ganyen wake a bakin magudanar ruwan Bakolori, cikinta ya kumbura kamar ganga. Ita kaɗai ta rage masa tun da ruwan dam ya cinye makiyayarsu.

Wata bakwai ke nan Nasidi yana karatun likitancin dabbobi ta wasiƙa. Duk wata yakan karɓo darasi a gidan waya na Talata Mafara, ya aika da amsa. Bai taɓa riƙe ko kunnen akuya ba, amma ya hana kowa kiransa da komai sai Likita. Kumburin ciki kuwa yana cikin darasi na bakwai, wanda ya iso shekaranjiya, ko karantawa bai yi ba.

Matarsa Kubura tana gaban kasko ta ce ai takardun nan masu hoton saniya marar tozo ta ƙunshe ƙosai da su tun safe. Ta ɗauka ya gama da su, tunda har ya zama likita.

Haushi ya kusa kashe shi, ga tsoro. Ya ce wa Hamidu ya yi gaba, zai haɗa magani. Ya haye kekensa ya shiga bin masu sayen ƙosai gida gida. Wurin tela ya sami shafi na ɗaya, gaisuwa ce kawai daga malaman makarantar. Na biyu akuyar liman ta cinye shi a gabansa, tana kallonsa. Na uku direban tifa ya wuce da shi hanyar Bakura. Nasidi ya taka keke har sarƙa ta zame sau biyu, ya tarar da mutumin yana shirin share hannu da takardar, ya fizge ta ba ko gaisuwa.

Sai bayan azahar ya isa rugar Hamidu, jiƙe da gumi, yana fargabar kada ya tarar ana fiɗa. Saniya dai tana tsaye, ƙafafunta na gaba bisa tudu, an gitta mata kara a baki, tana ta gyatsa. Adama, tsohuwar Hamidu, tana gefe tana goge kwalbar man gyaɗa.

Nasidi ya gyara murya ya buɗe takardarsa, wadda maiƙo ya sa har ana ganin rana ta cikinta. Ya karanta yana fassarawa: a ɗura wa dabba mai, a gitta mata sanda a baki, a tsayar da gabanta bisa tudu. Muryarsa ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace.

Adama ta karɓi takardar ta sansana.

"Ɗana, wanda ya rubuto maka wagga ya san shanu. Ɗan wace ruga ne?"

Hamidu ya kawar da kai, yana danne dariya.

Kunya ta rufe Nasidi. Darasi na takwas ciwon kofato ne, kuma sai wata mai zuwa zai iso. Ya jingine kekensa, ya cire takalmi, ya tsuguna gabanta, ya juya bayan takardar ya zaro biro.

"Inna, in kofato ya ruɓe fa, mi ake yi?"