Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Malam Garuba ya janye ƙafarsa daga hannun Rabi'atu, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, ya gyara zaman babbar rigarsa, sa'annan ya dubi kekuna biyun da aka kafe a ƙasa kamar wanda aka nuna wa mushe.

"'Yata, shekara talatin da biyar na yi ina aikin jirgin ƙasa, mahaifina ma a aikin ya tsufa. A gidanmu ba a taɓa hawan abin da ba ya zuwa ko'ina ba."

"Baba, yau mako shida ke nan da yi wa gwiwar nan aiki, ka ƙi motsa ta. In ba ka zagaya da fedar nan yau ba, gobe zan mayar da kai wurin likita. Allurar barci za su yi maka, su lanƙwasa ta da ƙarfi."

Nan fa gizo ke saƙar. Allurar farko da aka yi masa, farkawa ya yi yana rera waƙar gaɗa a gaban surukansa biyu, kuma har yanzu a unguwarsu ta Limawa akwai masu sunkuyar da kai in sun gaishe shi. Duk da haka ya harɗe hannuwa a ƙirji. Rabi'atu ba ta ja da shi ba, ta fita.

Jim kaɗan ta dawo da wani dattijo siriri mai dogara sanda, yana ɗingishi.

"Baba Tsado, ga naka keken."

Malam Garuba ya ɗaga kai, don Tsado sunan Nufawa ne. Kakansa daga Katsina ya biyo layin dogo zuwa Minna, kuma tun kaka da kakanni an san abin da ke tsakanin Bakatsine da Banufe: kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a kuma fushi.

"Tsado? Ashe har bayina ake karɓa a asibitin nan."

"A'a, Bakatsine ne?" Tsado ya haye keke yana nishi. "Yarinya, ki ƙyale shi. Su fura ta cinye musu gwiwa. Mu ma sayen kakansa da muka yi asara ce, ko tulu bai iya ɗauka ba."

Ya fara murza feda a hankali, yana waiwaye.

"Ga ni har na kai garin Beji. In na dawo zan sayo maka rake."

Ba a taɓa jin inda bawa ya yi gaba ya bar ubangidansa a tasha ba. Malam Garuba ya tuɓe babbar riga, ya miƙa wa Rabi'atu hula, ya hau ɗaya keken. Da ya taka, zafi ya soke shi har tsakar ka, fedar ta tsaya a rabi. Ya cije leɓe.

"Sauka, tsoho, in goya ka," in ji Tsado.

Fedar ta haura, ta zagayo. Ta sake zagayowa. Gumi na zuba, ido ya kawo ruwa, amma bakin bai mutu ba.

"Matsa gefe, ɗan masunta. Jirgi ba ya tsaya wa kwalekwale."

Bayan minti goma Rabi'atu ta dakatar da su, ta auna lanƙwasar gwiwar, ta yi rubutu a kati.

"Ba sai ka koma wurin likita ba, Baba. Amma kullum sai ka zo."

Ya huta, ya mai da rigarsa, ya fito neman Keke Napep. A bakin ƙofar asibitin sai ga Tsado cikin rigar masu gadi, yana tura ƙaton ƙyauren ƙarfe da ƙafafu biyu lafiyayyu, babu sanda babu ɗingishi.

Malam Garuba ya tsaya, ya auna al'amarin kamar yadda alƙalan dauri ke yi. In ya tona, kafin la'asar duk Limawa ta ji cewa Banufe ne ya warkar da shi.

Ya gyara murya.

"Malam Tsado, ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin," in ji Tsado, ya buɗe masa ƙofa. "Gobe ƙarfe tara ciwon zai tashi."