Ɗanyen Baba

Karo na uku ke nan Auta yana danna fayil ɗin, karo na uku kwamfutar tana ba shi amsa ɗaya: akwati mai ruwan toka, da alamar tambaya a tsakiya. Shi da ya zo da tambaya, shi ake tambaya.

"Buɗe mana, 'yar banza," ya ce wa allon.

Ba ta buɗe ba.

Shagon hotonsa tsiriri ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Labule mai zanen teku a bango, fitilu biyu masu lema, firinta a kusurwa. A kan tebur, kusa da linzamin kwamfuta, ga firam ɗin da ya kwaso daga falon mahaifiyarsa. Kwana uku da suka wuce rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya shige bayan gilashi. Mama tana nan zaune a hoton, lafiya lau, da sarƙarta. Baba da ke tsaye a bayanta kuwa ruwa ya wanke masa fuska tas, sai riga da kunnuwa.

Hoto ɗaya ke nan da suke tare. Wata biyar bayan ɗaukarsa Baba ya rasu. Tun daga nan duk baƙon da ya shigo sai Mama ta nuna masa bango. "Kun gan shi? Shekara talatin yana koyar da lissafi, ɗalibi bai taɓa ganin haƙorinsa ba. Sau ɗaya ya yi murmushi a duniya, kuma a kaina ya yi."

Yanzu sai ƙusa a bangon. Mama ta daina zama a falo. Ta ce yau da ƙarfe huɗu, in ta fito daga asibitin ido, za ta biyo ta karɓi mijinta.

Agogo ya ce ɗaya da rabi.

Auta ya bubbuga bangon katako da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. "Injiniya! Zo ka ga 'yarka."

Mai gyaran waya ya leƙo, tabarau a goshi, tumbi a gaba, ƙaurin dalma yana binsa. Shi ne ya sa masa sabuwar manhajar a watan jiya, bayan tsohuwar kwamfutar ta ƙone, sabuwar kuma ta ƙi karɓar tsohuwar manhaja. A lokacin cewa ya yi, wannan ita ake yayi, har shayi za ta dafa maka.

"Me ta yi?"

"Ta ƙi gaida ubana."

Injiniya ya sauke tabarau, ya ja kujera, ya duba wutsiyar sunan fayil ɗin. Ya yi tsaki irin na likitan da ya ga an kawo mara lafiya a makare.

"Ɗanye ne ai."

"Na san ɗanye ne. Duk aikina ɗanye nake ɗauka."

"Da wace kyamara?"

"Ta da. Wadda na sayar."

"To ka gani. Kowace kyamara da yaren da take rubuta ɗanyen hotonta. Taka tsohuwa ce, ita kuma wannan manhajar 'yar birni ce, ba ta jin yaren kakanni. Ba rashin kunya ba ne, rashin sani ne."

"Da za ka sa min ita ba ka faɗi haka ba."

"Da zan sa maka ita ba ka ce kana da matattu a ajiye ba. Ba ka da wanda ka gama gyarawa? Wanda ka buga?"

"Yana cikin wadda ta ƙone. Ɗanyun kawai na kwafe a faifan ajiya."

"Mai hankali. Gida na cin wuta, ka fito da itace." Injiniya ya miƙe. "Bari in samo mata tafinta."

Tafintan wata ƙaramar manhaja ce da ke juya tsofaffin fayiloli zuwa yaren da sabuwar take ji. Saukar da ita ya ci minti arba'in, domin intanet ɗin layin nasu sai an lallaɓa shi kamar jaki a gada. Auta ya zuba wa allon ido. Yana kallon layin da ke cika a hankali, yana cizon farce.

Biyu da kwata, akwatin toka ya ɓace. Hoto ya buɗe.

Launin ya fito dishi-dishi, da ɗan kore-kore kamar an ɗauka a ƙarƙashin ruwa. Gefen da ya yanke a da duk ya dawo: ƙafar fitila, wayar wuta a ƙasa, bokitin fenti, ƙarshen labule inda teku ta ƙare siminti ya fara. Mama a zaune. A bayanta ga Baba, gira a haɗe, baki a murtuke, yana harar kyamara kamar ta faɗi jarrabawa.

Injiniya ya ja da baya. "Kai! Wa ya taɓa shi?"

"Haka yake."

"Ba shi ne mai murmushin nan da mamarka take ba da labari ba?"

Auta ya shafa ƙeya. "Ni na yi masa."

"Ka yi masa me?"

"Murmushin. Kwana biyu ina jan bakin, kaɗan-kaɗan."

Injiniya ya riƙe ciki yana dariya har tabarau ya zame. "Ɗan albarka! Wasu su gina wa ubansu gida, kai ka gina masa baki."

Ba abin dariya ba ne, amma Auta bai da lokacin fushi. Ya shiga laluben gyaran. Babu. Injiniya, yana share hawaye, ya yi masa bayanin abin da ya riga ya sani: ɗanyen hoto ba a taɓa shi. Duk abin da ka yi masa, manhaja ce take rubutawa a kundinta, ta riƙa nuna maka kamar ya canza. Kundin ya tafi da tsohuwar kwamfuta. Ko da yana nan ma, sabuwar ba za ta karanta rubutun wata ba.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tasa ta shekara shida a bango, har da firam mai ruwan zinare.

Ya gyara zama. Abin da hannu ya yi sau ɗaya ai zai sake.

Sai dai kayan aikin sabuwar ba inda ya saba suke ba. Abin jan fuska na can ƙarƙashin wani maɓalli, kuma ba shi da haƙuri: ka taɓa kaɗan, ya ja da yawa. Gwajin farko, Baba ya fito kamar ya tauna lemon tsami. Na biyu, gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya ƙi, kamar mai shanyewar jiki. Na uku ya yi murmushi sosai, irin na masu tallan magani a cikin mota.

"Garin neman gira," in ji Injiniya. "Matsa ka gani. Akwai maɓallin da ke yi da kansa."

Ya danna. Kwamfutar ta yi tunani, sannan ta buɗe bakin Baba ta jera masa haƙora talatin da biyu, farare ƙal.

"Wannan mai tallan man goge baki ne," Auta ya ce. "Ubana haƙoransa tara."

"To ai ka ga an yi masa alheri."

"Fita min daga shago."

Waya ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ta raka Mama asibiti. Ita kaɗai ta san sirrin, domin tana wurin ranar da aka ɗauki hoton.

"Auta, ka gama?"

"Saura kaɗan."

"Ƙarya kake, na ji muryarka. To ka shirya. An ba ta sabon tabarau. Yanzu haka ta gano tabo a rigar likita, ta kuma gaya masa."

"Yaya, ki ɗan ja ta kasuwa mana. Awa ɗaya kawai."

"Ni zan koma wurin aiki. Na sa ta a mota tun ɗazu. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Ta kashe.

Ya goge haƙoran. Ya goge duk abin da ya ja, ya koma farko don ya sake gwadawa a natse. Baba ya dawo yana hararsa. Auta ya ɗora hannu a linzami, ya kasa motsawa. Rabon da a yi masa wannan kallon shekara shida, amma bai manta ba.

"Salamu alaikum. Wannan shago ko akurki?"

Uku da minti goma. Mama tana bakin ƙofa, jaka a hammata, sabon tabarau ya mayar da idanunta kamar na mujiya. Auta ya yi wuf zai rufe hoton, linzamin ya zame, sai ma ya ƙara masa girma. Fuskar Baba ta cika allo.

"Mama, sannu da zuwa. Ya asibitin? Ki zauna a can, akwai fanka."

"Matsa."

Ya matsa.

Ta sunkuya. Ta ɗaga tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa. Auta ya fara haɗa bayani a ransa: laifin manhaja ne, ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta, zafi ne ya narkar da bakin.

"Mama, wannan ɗanye ne, ban gama ba. Sabuwar manhajar ce ba ta..."

"Yi min shiru." Ta ja kujera ta zauna. "Ga shi nan. Ga ɗan rigimar nan."

Ta kai yatsa ta taɓa haɗaɗɗiyar girar, ta bar shatin maiƙo a allon.

"Mayar da shi duka in gani."

Ya rage girman. Ta bi hoton da ido har ƙasa, inda a da ya yanke.

"Ka ga ƙafarsa?"

Auta ya duba. Bai taɓa lura ba. Takalmin Baba na dama yana ƙarƙashin ƙafar kujerar da Mama take kai.

"Kujerarka ce mai gurguwar ƙafa," ta ce. "Ina zama ta yi baya da ni. Bai ce komai ba, ya cusa ƙafarsa a ƙarƙashi. Ni kuma na sake jiki da duk nauyin da Allah Ya ba ni. Kai kana can kana 'ku ɗan matso, ku ɗan kalli nan', minti goma. Kwana uku yana ɗingishi. Da na tambaye shi, cewa ya yi ina ruwana."

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

"Ashe kin sani," Auta ya ce a hankali.

"Shekara arba'in da ɗaya ina kallon bakin nan. Kai za ka koya min shi?"

"To me ya sa kike gaya wa baƙi..."

"Baƙo ai sai an ba shi abin da zai tafi da shi. Kuma ka kawo min shi kana rawar jiki, mako biyu da binne shi, idonka jajur. In ce maka me? Na karɓa. Amma ka sani, shekara shida ina zaune da baƙon namiji a falo yana yi min dariya. Ko ƙafa ban iya miƙewa a gabansa."

Daga bayan katako aka ji Injiniya ya ƙware garin danne dariya.

"Wane ne wannan?"

"Maƙwabcina ne."

"Ka ce masa ya sha ruwa." Ta mayar da tabarau, ta sake matsowa kusa da allon. Fuskarta ta canza. "Wannan tsohuwar fa? Mai wuya kamar na kaza?"

"Ke ce, Mama."

"A wancan ba haka nake ba."

"A wancan na ɗan taɓa ki."

"To. Shi ka bar shi ɗanye yadda yake, da ƙafar da komai. Kada ka yanke ko bokitin. Ni kuwa ka ɗan dafa ni. Ba da yawa ba, kada a ce 'yarsa ce."

Wannan bai ɗauki minti goma ba. Sabuwar manhajar, duk iyayinta, ta iya wuya. Ya cire koren, ya ɗaga haske, bai je kusa da bakin Baba ba. Mama ta ce a yi shi ya fi na da girma, sannan ta ɗauki jakarta ta zagaya shagon Injiniya, wai wayarta tana kashe kanta, kuma tana so ta ga fuskar mai dariyar.

Auta ya sa babbar takarda, ya danna. Ya jingina da kujera, ya ɗora ƙafafu a kan tebur, ya sauke numfashin da ya riƙe tun safe.

Firintar ta fara gurnani. Teku ta fito. Hula ta fito. Goshi, layi bayan layi. Gira. Da idanun suka gama fitowa, Auta ya sauke ƙafafunsa daga kan tebur.