Abin da Sista Tabitha Ba Ta Faɗa Ba

Na daɗe ina aikin ɗan sanda, na ga masu taurin kai iri-iri, amma Sista Tabitha ta fi su duka, kuma ita cikin ladabi take yin nata.

Maganar a kan wani direba ce mai suna Usaid, yana jan bas tsakanin Samaru da Sabon Gari. Wata Talata da hantsi, titi ba kowa, ya saki hanya ya kwashi wani malamin firamare, Martins, ya karya masa ƙugu. Usaid ya ce birki ne. Makanike ya duba, ya ce birki lafiyarsa lau. Wata fasinja ta ce ta ga direban ya sandare, ido ya juye, kumfa a baki. Washegari ta ce ita barci take yi, ba ta ga komai ba. Ashe maƙwabciyar uwarsa ce.

Na ji ƙishin-ƙishin yana karɓar maganin farfaɗiya a wani ƙaramin asibiti a Palladan, har likita ya hana shi tuƙi. In na tabbatar da haka, lasisinsa ya tafi. In na kasa, zai koma titi da mota cike da mutane.

Sista Tabitha ce babbar nas a wurin. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwan sanyi.

"Usaid yana zuwa nan?" na tambaye ta.

"Sajan Mordecai, ba na faɗin wanda ke zuwa."

"To, ba ya zuwa?"

"Ba na faɗin wanda ba ya zuwa. Ka kawo umarnin kotu."

Na je kotu, aka ce in kawo hujjar cewa yana da ciwon. Na ce hujjar tana asibiti. Aka ce to in karɓo ta a can. Na koma asibiti, aka ƙara ba ni ruwan sanyi.

"Sista, mutum yana kwance da karyayyen ƙugu."

"Na sani, Allah ya ba shi lafiya. Amma in na buɗe baki yau, gobe ba mai irin ciwon da kake tambaya da zai sake tako ƙofar nan. Gida za su ɓuya su sha jiƙe-jiƙe."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinta. Mai gabatar da ƙara ya jefa takarduna gefe, alƙali ya sallami Usaid.

Ran nan na kai matata Christabel tashar Samaru a mashin, za ta kasuwar Sabon Gari. A tasha ba ka ganin direba. Ɗan kamasho ne ke cika mota, shi direba yana rumfa yana shan shayi sai an cika tam. Christabel ta shige kujerar baya. Na ga Sista Tabitha a gaba, muka gaisa sama-sama, na tsallaka titi sayen katin waya.

Da na juyo, sai na ga Sista a ƙasa da jakarta, ɗan kamasho yana masifa wai bayan an cika za ta sauka. Wani ɗalibi ya faɗa gurbinta, aka ja ƙofa. Motar na ɗagawa na hango ƙeyar direba. Usaid ne.

Na tsallako da gudu.

"Sista, me ya sa kika sauka?"

"Zafi nake ji."

"Matata tana ciki."

Ta dubi motar, ta riga ta hau kwalta ta miƙa. Ta dube ni. Fuskarta ba ta canza ba.

"Sajan, ni ban faɗa maka komai ba," ta ce. "Mashin ɗinka yana da gudu?"