Zauren Alhaji Hamid

Kowace shekara kafin damina, Alhaji Hamid, dillali a Kasuwar Shanu, yakan sa a kwaɓa ƙasa a yi wa zauren gidansu yaɓe. Kakansa ne ya gina shi lokacin da suka bar kiwo suka zauna Maiduguri.

Bana ana cikin kwaɓi sai ga mota da mutanen wani kwamitin adana kayan tarihi. Shugabarsu, Hajiya Rahmat, ta zagaya zauren tana jinjina kai, ta ce irinsa ya kusa ƙarewa a garin nan, don haka ya shiga ƙarƙashin kariyar doka. Daga yau ba mai taɓa shi sai da izini.

"Har yaɓe, Hajiya?" in ji Alhaji.

"Musamman ma yaɓe. Sai ƙwararre ya zo ya duba."

Da farko abin ya yi masa daɗi, har a kasuwa ya riƙa ba da labari. Matarsa Kellu ce kawai ta dubi sama ta ce, "Alhaji, shi hadarin an gaya masa?"

Ya yi ta sintiri zuwa ofishinsu a unguwar GRA. Yau ƙwararre yana taro, gobe ya tafi ta'aziyya. Ruwa ya sauka, bango ya tsage, Alhaji yana kallo da ƙasa jibge a tsakar gida, ba halin ya ɗiba. Wata Laraba da hantsi zauren ya zube gaba ɗaya. Allah ya sa ba kowa a ciki. Ranar Alhaji bai iya cin abinci ba.

Sai ga kwamiti cikin gaggawa. Aka kawo bulo da siminti, aka tada sabon zaure, aka shafe shi da fenti ruwan ƙasa. Tsohuwar ƙasar kuwa, 'yan keke napep suka kwashe suka cike ramukan layi.

Ranar buɗewa aka zaunar da Alhaji a kujerar gaba, aka yaba masa kan kula da gadon kakanni. Wani baƙo daga Abuja ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce, "Kai, mutanen da sun iya gini! Ji ƙarfi kamar siminti."

Alhaji ya gyara hularsa, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."