Feda a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ranar da nas Maritza ta ɗaura feda a gindin kujerarsa, Evaristo ko kallon abin bai yi ba. Ba taya, ba sirdi, ƙarfe ne kawai da wurin sa ƙafa, wai mutum ya riƙa juyawa yayin da inji ke wanke masa jini.

"Baba Evaristo, ko kaɗan ne ka taɓa," in ji ta. "Cinyoyinka suna zubewa, kuma injin nan ba ya dawo da su."

"'Yata, tun ban yi gemu ba nake saran rake. Yau ni za a koya wa motsa jiki?"

Nicasio na kujerar da ke kusa, yana ta juya tasa yana haki. Gona ɗaya suka yi aiki, rana ɗaya ta gasa su, ciwon ƙoda kuma ya kwantar da su kamar yadda ya kwantar da rabin mazan unguwarsu a garin Chichigalpa.

"Ƙyale shi, Maritza," in ji Nicasio. "Tsoro yake kada in wuce shi. Ko a gona ƙeyata ya saba gani."

"Ƙarya kake, abokina. Kai da inuwar bishiya ta fi saninka fiye da adda."

Evaristo bai taɓa fedar ba ranar, haka ma a zuwa na gaba.

Wata safiya ya tsuguna a bayan gida, tashi ya gagara. Ya dafa bango, ƙafafun suka ƙi. Ɗansa Leonel ya tafi gonar rake tun asuba, matarsa Ofelia kuwa ta ja ta ja ta kasa, dole ta ƙwala wa maƙwabciya kira. Mata biyu suka fito da shi, wando a idon sawu. Yinin nan shinkafa da waken da aka ajiye masa ƙudaje ne suka ci.

Da ya koma asibiti, bai jira an tambaye shi ba.

"Kawo abin nan," ya ce wa Maritza.

Farkon ya sha wuya. Juyi kaɗan sai jijiyar ƙafa ta ɗaure, jiri ya ɗebe shi, ƙishi ya taso, ga shi ruwan da aka yarda ya sha a yini bai kai ya jiƙa maƙogwaro ba. Sai ya jefa ƙanƙara ɗaya a baki ya ci gaba. Nicasio bai bar shi ya huta ba.

"Ni fa na tuƙa har garin León, kai kana ina?"

"Ina bayanka, ina tsintar haƙoranka."

Kafin damina ta ƙare, Evaristo na tashi daga ragar kwanciya ba mai kama shi. Yana zuba wa kaji tsaba, yana takawa har kanti ya dawo. Ofelia ta daina tsayawa a ƙofar bayan gida tana kasa kunne.

Wata Litinin ya tarar da wani saurayi a kujerar Nicasio. Maritza ce ta gaya masa, tana soka masa allura, ba ta ɗago kai ba. An yi baftismar jikar Nicasio ranar Asabar, ya ce sau ɗaya dai zai sha ya ƙoshi kamar kowa. Ya sha ruwan lemo son ransa, ya ci soyayyiyar ayabar da aka hana shi. Kafin Lahadi da yamma numfashi ya gagare shi, zuciya ta tsaya a bayan motar da ta ɗauko shi.

Da za a kai shi, Evaristo ya so ya kama akwatin gawar, amma hannun da aka haɗa masa jijiya don inji ba ya ɗaukar nauyi. Leonel ya karɓi gefensa. Shi kuma ya bi su a ƙasa, cikin zafin la'asar, ba sanda, har ƙofar maƙabarta.

Ana sauke akwatin, Leonel ya zame ya zagaya bayan katanga. Evaristo ya bi shi, ya same shi durƙushe yana amai, yana murza ƙwaurinsa da ya ɗaure. A nan ne ya dubi fuskar ɗansa da kyau, ya ga kumburin ƙasan idanun.

"Tun yaushe?"

"Gajiya ce kawai, Baba."

"Leonel, ni za ka gaya wa gajiya? Fitsarinka na kumfa?"

Leonel ya goge baki da bayan hannu. "Sun gwada jininmu a wurin aiki. Sun ce kada in dawo in an fara sara." Ya dubi mahaifinsa. "Kada Mama ta ji tukuna."

Ana can ana zuba ƙasa, mata na addu'a. Evaristo ya sunkuya, ya ɗora hannun ɗan a kafaɗarsa ta ɓangaren lafiya, ya ɗaga shi. Suka kama hanyar gida a hankali, suna tsayawa duk inda Leonel ya nemi a tsaya.

Ofelia na bakin murhu tana gasa gurasar masara.

"An taru?" ta tambaya.

"An taru," in ji Evaristo. Ya ja kujera ya zaunar da ɗansa.