Ranar da Baba Sannu Ya Wanke Inji

Shekara goma sha tara ke nan Baba Sannu yana jan motar wata makaranta, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa barin ko ɗigon ruwa ya sauka a kan injinta ba. Jikin motar kam kullum sai ya goge shi bayan sallar asuba, har yara kan tsaya su gyara kwalar riga a jikin ƙofarta kamar madubi. Amma ƙarƙashin bonet, marufin gaban mota inda inji yake, nan ya kafa doka. Tun yana saurayi ya ga an watsa wa wani inji ruwa yana da zafi, motar ba ta bar wurin ba sai da aka ja ta da igiya. Daga ranar ya ɗauki ruwa da inji a matsayin abokan gaba. Sunan Baba Sannu kuwa yaran makarantar ne suka laƙaba masa, domin ko an makara ba ya ƙara gudu.

Wannan tsoro shi ne ya kusa raba shi da motar. Baƙin mai ya fara raguwa, hayaƙi yana sulalowa ta gefen bonet idan tafiya ta yi nisa. Shugabar makarantar ta kira bakanike. Da ya ɗaga bonet ya tarar da inji baƙi ƙirin, mai da ƙura sun haɗu sun yi kauri kamar kwalta. Bai ko naɗe hannun riga ba ya yanke hukunci: inji ya gama yayi, yana shan mai ta ciki, gyaransa wahalar banza ce.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," in ji Shugaba, bayan ta kira Baba Sannu ofishinta. "Kwamiti ya ce a sayar da ita ga 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, iyaye su riƙa kawo 'ya'yansu da kansu. Idan kuwa babu mota..." Ta shiga jera takardun da tuni suke a jere.

"Babu direba," ya ƙarasa mata. "Na fahimta, ranki ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo. Motar da ke shan mai ta ciki, ta salansa take hayaƙi. Tawa kuwa ta gaba take yi. Yoyo ne a wani wuri, datti ya rufe shi. A ba ni safiyar Asabar. Ki zo da bakaniken da ƙarfe sha ɗaya wurin wankin mota na ƙanin mai ɗakina. Idan ciwon na ciki ne, da hannuna zan miƙa miki makulli."

Ranar Asabar ya tattara ledoji da robar ɗauri, da buroshin fenti, da tsofaffin buroshin haƙori guda uku, da tsummokara masu tsabta. Yana bakin ƙofa ya juyo ya roƙi mai ɗakinsa ta ba shi hodar jikarsu.

"Malam, kai za ka yi kwalliyar ko motar?" ta tambaya tana miƙa masa gwangwanin.

"Ki dai yi mana addu'a."

"Allah ya fid da kai kunya. Kuma ka dawo mini da murfinsa."

Ƙanin nata, wanda kowa ke kira Feshi saboda ƙaunarsa ga injin feshin ruwa, yana tsakiyar aiki motar ta shigo. Da ya ji abin da ya kawo mijin yayarsa, sai ya ajiye bindigar ruwan ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Yau kuma kura ce ta zo kiwon awaki? Yaya, kai da kanka ka ce a jiƙa inji? Buɗe, buɗe, minti biyar na mayar maka da shi sabo."

"Ajiye bindigarka. Da zafinsa na zo."

"Zafin ne ai ke narka maiƙon!"

"Shi ne kuma ke tsaga ƙarfe idan ruwan sanyi ya same shi. Kofin gilashi ma in ka zuba masa ruwan sanyi bayan tafasasshe, me yake yi?"

Ya ɗaga bonet, ya jawo benci ya zauna. Motoci biyu suka shigo aka wanke su suka fita, yana zaune. Feshi ya wuce ta gabansa ya fi sau huɗu, kowane wucewa da maganar da zai yar.

"Yaya, ko in kawo mata mafici ne?"

"Kawo wa bakinka."

Sai da aka yi kusan awa guda ya miƙe, ya kara bayan hannunsa kusa da ƙarfen, sannan ya ɗora tafinsa ya bar shi a kai. Injin ya huce. Duk abin da zai yi daga nan ya san shi tun zamanin da yake koyon tuƙi a hannun maigidansa. Saninsa bai taɓa ɓacewa ba, ƙarfin halin aikata shi ne ya rasa. Ya yi bisimilla, ya sa sifana ya kwance kan batir na baƙar waya, ya kawar da ita gefe yadda ba za ta taɓa komai ba. Ya lulluɓe batirin da leda. Ya lulluɓe dainamon da ke cajinsa, da akwatin fis, da wayoyin fulogi, da bakin da inji ke shaƙar iska, kowanne ya ɗaure da roba ya ja ya ji ya kama. Ya ƙirga su da yatsa, biyar, ya sake ƙirgawa.

"Wannan ai sai ka ce masu zuwa kasuwa ranar ruwan sama," in ji Feshi. Amma ya matso kusa.

Da busasshen buroshin fenti Baba Sannu ya fara, yana share ganye da yashi daga lungu-lungu. Ya sa Feshi ya tura faffaɗan faranti ƙarƙashin motar domin ruwan maiƙo kada ya gangara kwata ya shiga unguwa. Ya fesa sabulun cire maiƙo, ya ba shi 'yan mintuna ya ci, bai bari ya bushe ba, sannan ya duƙa da buroshin haƙori. Dattin shekara goma sha tara ba ya sallama da daɗi. Gumi ya jiƙa masa riga, bayansa ya riƙe, baƙin kumfa yana gangarowa har gwiwar hannunsa. A hankali farin ƙarfe ya fara leƙowa, da rubuce-rubucen da bai taɓa sanin suna jikin injin ba.

Da aka zo ɗauraya, Feshi ya ɗauko bindigarsa da zumuɗi.

"Yanzu dai aikina ya zo."

"Cire kan. Tiyo kawai nake so, kuma ka rage famfo."

"Haba Yaya! Wannan ruwan ko alwala bai isa ba."

"Naka mai ƙarfin shi ke kutsawa cikin mahaɗar waya ya kwanta, sai bayan kwana uku mota ta mutu a tsakiyar titi, mai ita yana zagin fetur. Riƙe mini nan."

Feshi ya cire kan, ya rage famfo. Ya riƙe tiyon yadda aka ce, ruwa yana zuba a hankali daga sama zuwa ƙasa, yana kauce wa ledojin. Baba Sannu ya zuba ido lokacin da ruwan farko ya taɓa ƙarfen, amma bai ce a tsaya ba. Da suka gama ya tsane ko'ina da tsumma, ya ari injin hura iska ya kori ruwan da ya maƙale a ramuka. Ya kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan benci, ya tabbatar biyar ne cif, domin leda guda da aka manta a bakin iska ta isa ta shaƙe inji. Ya bar bonet a buɗe rana tana dukansa.

A haka Shugaba ta iso tare da bakanike. Bakaniken ya leƙa, ya yi wata 'yar dariya, ya juya gare ta.

"Ranki ya daɗe, kin gani ko? Wannan tsohuwar dabara ce ta dillalan mota. A wanke inji tas don a ɓoye yoyo. Ban zaci haka daga dattijo ba."

Maganar ta soki Baba Sannu. Feshi ya yi tsalle zai tanka, Baba Sannu ya ɗaga masa hannu.

"Da ɓoyewa nake so, da ban kira ka ba," ya ce a natse. "Ranar da ka duba, me ka gani ban da baƙi? Yau za ka ga inda yake fitowa. Ni kaina ban sani ba tukuna."

Ya ɗauko gwangwanin hodar ya barbaɗa ta a gefunan injin, sama da ƙasa, yana kiyaye bel da bakin iska, har ƙarfen ya yi fari fat. Ya mayar da kan batir ya ɗaure. Ya hau kujerarsa, ya sa makulli. A nan ne tsoro ya kama shi da gaske, domin idan akwai ɗigon ruwan da ya kuɓuce masa, motar ba za ta tashi ba, kuma babu wanda zai tsaya sauraron dalili. Ya ambaci sunan Allah ya murɗa.

Bugu ɗaya ta tashi.

"Allahu akbar!" Feshi ya daka tsalle. "Wankin gidan nan ke nan!"

"Tashi ba shi ne magana ba," in ji bakanike. "A jira ta yi zafi."

Suka tsaya su huɗu a gaban motar, idanunsu a kan farar hoda. Shugaba da kanta ta zagaya baya ta dubi salansa, ta dawo ta ce babu hayaƙi. Minti biyar suka wuce, hoda tana nan fara. Baba Sannu yana duban ƙasan injin, inda idan baƙi ya ɓullo magana ta ƙare, leɓunansa suna motsi ba a jin abin da yake faɗa. Wajen minti na goma sai ga wani ɗan ɗigo ya tsattsafo, can sama, a kusurwar murfin kan inji. Ya yi nauyi, ya gangaro kamar baƙin zare a kan farin ƙyalle, ya faɗa kan bututun salansa mai zafi. Siririn hayaƙi ya tashi.

Bakanike ya sa aka kashe motar. Wannan karon ya naɗe hannun riga. Ya haska fitilar wayarsa, ya bi zaren da ido har tushensa, ya zagaya ya duba ƙasa da bayan injin, ya zaro sandar gwada mai ya shinshina. Ya daɗe a duƙe kafin ya miƙe.

"Gaskit ɗin murfi ne," ya ce, muryarsa ta sauka. "Robar ce ta bushe ta tsage. Aikin awa ɗaya." Ya goge yatsunsa, ya dubi Baba Sannu. "Baba, ka yafe mini maganar ɗazu. Datti na duba ranar nan, ban duba inji ba."

"Dattin ai nawa ne, ni na tara shi. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Shugaba ta buɗe jakarta ta fito da takardar kwamitin, ta ninke ta huɗu ta mayar.

"Ka kawo robar yau," ta ce wa bakanike. Sannan ta juya. "Baba, Litinin ƙarfe shida da rabi, kamar kullum."

"In Allah ya yarda, ranki ya daɗe."

Bakanike ya hau babur ya tafi neman gaskit, Shugaba ta wuce. Feshi ya miƙa hannu zai sauke bonet.

"Bar shi a buɗe," in ji Baba Sannu.

"Ai ya bushe tuntuni, Yaya."

"Na sani."

Ya wanke hannuwansa, ya gyara zaman hularsa, ya jawo bencin ya ajiye daidai gaban motar ta wajen titi. Wani direban tasi da ya shigo wanki ya tsaya ya leƙa, ya yi fito, ya tambaya ko sabon inji aka saka wa tsohuwar.

"Nata ne na asali," in ji Baba Sannu. Ya matsa gefe kaɗan domin mutumin ya gani da kyau.